Soyayya a Bakin Shinge: Nazari a Kan Rayuwar Joan Lingard da Ƙagaggun Labaranta

1.0 Gabatarwa

Manazarta adabi sun daɗe suna yi wa nau'o'in rubutu guda biyu kallon hadarin kaji, wato labarin soyayya da labarin da aka rubuta domin yara. Na farko ana zarginsa da ruɗin matasa da nisanta su daga gaskiyar rayuwa. Na biyu kuma ana ɗaukarsa abin rarrashi da bai kai a ɓata tawada wajen tarkensa ba. Wannan maƙala za ta dubi marubuciyar da ta haɗa nau'o'in biyu wuri ɗaya, ta kuma ɗora musu kaya mai nauyi, wato rikicin Ailan ta Arewa. Marubuciyar ita ce Joan Lingard, 'yar ƙasar Sikotilan, wadda ta rayu daga 1932 zuwa 2022. Za a kawo taƙaitaccen tarihinta da fagen da labaranta suka tsiro, sannan a dubi zubi da jigo da taurarin littattafanta biyar na Kevin da Sadie, a kuma auna inda aikin ya yi ƙarfi da inda ya gaza. Tambayar da ke ƙarƙashin nazarin ita ce: shin labarin saurayi da budurwa zai iya ɗaukar nauyin rikicin al'umma ba tare da ya yi wa rikicin kwaskwarima ba?

2.0 Taƙaitaccen Tarihin Marubuciyar

An haifi Joan Lingard a birnin Edinbara a watan Afrilun 1932. Tana da shekara biyu iyayenta suka koma Belfas, babban birnin Ailan ta Arewa, kuma a gabashin birnin ta tashi, ta yi karatunta, har ta kai shekara 18. Mahaifiyarta ta rasu tana da shekara 16. Bayan ta koma Edinbara ta sami horon malanta a kwalejin Moray House, ta kuma koyar na wani lokaci kafin ta duƙufa ga rubutu. Littafinta na farko, Liam's Daughter, ya fito a 1963, kuma domin manya ta rubuta shi. Sai da ta fitar da wasu littattafan manya kafin ta juyo ga matasa, bisa ƙarfafawar ƙawarta marubuciya Honor Arundel. A 1970 ta fitar da The Twelfth Day of July, wato "Ranar Sha Biyu ga Yuli". Daga nan sauran huɗun suka biyo baya: Across the Barricades a 1972, Into Exile a 1973, A Proper Place a 1975, da Hostages to Fortune a 1976.

Ban da waɗannan, ta rubuta littattafai huɗu a kan wata yarinyar Gilasgo mai suna Maggie tsakanin 1974 da 1977, waɗanda BBC ta mayar wasan talabijin a farkon shekarun 1980. Ta kuma rubuta Tug of War a 1989 da Between Two Worlds a 1991, a kan wani gida da ya tsere daga Latbiya a 1944, labarin da ta tsamo daga tarihin dangin mijinta. Jimillar abin da ta wallafa ya kai wajen littattafai 60. Across the Barricades ya sami lambar yabo ta Buxtehuder Bulle a Jamus a 1986, ita kuma Sarauniyar Ingila ta ba ta lambar MBE a 1998 saboda hidimarta ga adabin yara. Ta rasu tana da shekara 90 ranar 12 ga Yulin 2022, wato ranar da ta sanya wa littafinta na farko na matasa suna.

Abin lura a wannan tarihi shi ne matsayinta tsakanin ciki da waje. Ta san titunan Belfas da bakin mutanensa sani na wadda ta yi wasan ƙasa a wurin, amma ta bar birnin kusan shekara 20 kafin rikici ya ɓarke, kuma daga Edinbara ta yi rubutun. Wannan matsayi shi ne tushen ƙarfin littattafan, shi ne kuma tushen rauninsu, kamar yadda za a gani a gaba.

3.0 Fagen da Labaran Suka Tsiro

Ba za a fahimci waɗannan littattafai ba sai an san ma'anar ranar 12 ga Yuli a Ailan ta Arewa. A 1690 Sarki William, ɗan ɗariƙar Furotesta, ya ci Sarki James na Biyu, ɗan ɗariƙar Katolika, da yaƙi a bakin kogin Boyne. Ƙungiyar Orange, wadda aka kafa a 1795, ita ke jagorantar bikin tunawa da wannan nasara kowace shekara, da maci da ganguna da tutoci da hura manyan wutace a daren jajibiri. Ga Furotesta ranar murna ce. Ga Katolika kuwa, musamman idan maci ya ratsa kusa da unguwarsu, rana ce ta tuna musu cewa su aka ci da yaƙi.

A 1921 aka raba tsibirin Ailan, larduna shida na arewa suka ci gaba da zama cikin Birtaniya, inda Furotesta ke da rinjaye. Katolika sun yi ta kukan ana nuna musu bambanci wajen rabon gidajen gwamnati da ɗaukar aiki da shata mazaɓu. A 1967 aka kafa ƙungiyar neman 'yancin ɗan ƙasa, a watan Agustan 1969 tarzoma ta yi tsanani har aka girke sojojin Birtaniya a tituna, a 1971 kuma aka fara tsare mutane ba tare da shari'a ba. Shekarar 1972, wadda littafi na biyu ya fito a cikinta, ita ce ta fi kowace zubar da jini. Rikicin bai lafa ba sai da yarjejeniyar 1998, bayan ya ci rayuka sama da 3,500. Ke nan Lingard ta rubuta wa yara labarin wutar da take ci a daidai lokacin da take rubutun, ba ta jira toka ta huce ba.

4.0 Zubi da Tsari

Littafin farko an gina shi a kan tsarin ma'auni. Akwai gida biyu: gidan Jackson na Furotesta, inda Sadie da wanta Tommy suke, da gidan McCoy na Katolika, inda Kevin da ƙanwarsa Brede suke. Marubuciyar tana kai mai karatu wannan gida, ta dawo da shi wancan, kwanaki kuma suna ta matsowa zuwa ranar biki. Kevin da abokansa suka shiga unguwar Furotesta da dare suka ɓata zanen Sarki William da ke jikin bango. Sadie ta ce ba za a sha ba, ita ma ta tsallaka ta rama. Daga ramuwa sai ramuwar gayya, har wasa ya zama faɗan gaske, aka jefi Brede aka yi mata mummunan rauni, ita da ba ta tsokani kowa ba.

Hikimar wannan tsari ita ce, mai karatu yana ganin abin da taurarin ba sa gani. Yana shiga ɗakin girkin gidajen biyu, ya tarar talaucin iri ɗaya ne, faɗan uwa iri ɗaya, taƙamar uba iri ɗaya. Marubuciyar ba ta tsaya ta yi wa'azi a kan haka ba, jeranta babobin ne ya isar da saƙon. Yaro ɗan shekara 12 da ya karanta zai gane da kansa cewa Kevin da Sadie hali ɗaya gare su, ƙarfin kai da rashin tsoro da son a san da su, kuma abin da ya sa suka zama abokan gaba shi ne zai iya sa su shaƙu.

A littafi na biyu an tsallake shekara uku. Yaran sun zama saurayi da budurwa, birnin kuma ya cika da shingaye da sojoji da ƙarar bama-bamai. A nan tsarin ya sauya daga ma'auni zuwa ƙuntatawa. Duk wurin da masoyan suka samu domin ganawa, sai a toshe shi. Sukan hau dutsen Cave Hill da ke kallon birnin, sai tsegumi ya riga su sauka. Aka yi wa Kevin dukan kawo wuƙa, kuma mutanen unguwarsu ne suka yi, cikinsu har da abokinsa na ƙuruciya, Brian Rafferty. Dukansu biyu suka rasa aikinsu. Tsohon malamin Sadie, Mista Blake, ya buɗe musu gidansa, sai aka jefa wa gidan bam ya rasu. Da mafaka ta ƙarshe ta rushe, abin da ya rage shi ne jirgin ruwa mai zuwa Ingila.

5.0 Jigo

Babban jigon littattafan biyar shi ne gadon gaba, wato yadda yaro ke tarar da abokin gaba an riga an zaɓa masa tun kafin ya yi wayo. Soyayya ita ce ma'aunin da marubuciyar ta yi amfani da shi domin gwada zurfin wannan gaba. Duk wanda ya ji labarin zai tuna da wasan Romeo and Juliet na Shakespeare, kuma kwatancin yana da amfani idan aka lura da inda suka rabu. A wasan Shakespeare masoya sun mutu, mutuwarsu ta sa gidajen biyu suka sasanta. A wurin Lingard masoya sun rayu, sun yi aure, amma gidajen ba su sasanta ba, birnin ma ko gezau bai yi ba. Ta hana mai karatu daɗin da ya saba samu a ƙarshen labarin soyayya, inda ƙauna kan wanke kowane laifi. A ganina wannan shi ne abu mafi daraja a aikin nata.

Abu na biyu mai daraja shi ne ƙin tsayawa a ranar aure. Yawancin labaran soyayya daga an ɗaura sai a rufe littafi, kamar dai matsala ta ƙare. Lingard ta ƙara littattafai uku bayan wannan. A Into Exile ma'auratan suna Landan cikin ɗaki ɗaya na haya, ga kaɗaici, ga ƙarancin kuɗi. Sai labari ya zo cewa bam ya kashe mahaifin Kevin a Belfas, dole ya koma ya kula da uwarsa da ƙannensa, ya bar Sadie ita kaɗai. A nan tambayar ta tashi daga "za su auri juna?" ta koma "wa ya fi haƙƙi a kan mutum, gidan da ya fito ko gidan da ya kafa?" A A Proper Place suna Libaful da jaririnsu Brendan, daga baya suka koma aikin gona a karkarar Cheshire. A littafi na ƙarshe kuma suka gangara Wels, har yanzu suna neman wurin da za su kira nasu. Zuwan ɗa ya farfaɗo da abin da suka zaci sun baro a bakin teku, domin dole a yanke ɗariƙar da za a rene shi a ciki. Da haka marubuciyar ta nuna cewa shingen da ke kan titi ya fi sauƙin tsallakewa a kan wanda mutum ke ɗauke da shi a ransa.

Ƙaramin jigon da ya ratsa dukkan ayyukanta shi ne ƙaura. Littafin farko na Maggie sunansa The Clearance, kuma yana ishara ne ga korar manoma daga tsaunukan Sikotilan a ƙarni na 18 da na 19 domin a sami wurin kiwon tumaki. Tagwayen Tug of War, Astra da Hugo, yaƙi ne ya fitar da su daga Latbiya ya kuma raba su a hanya. Kevin da Sadie su ma 'yan gudun hijira ne, ko da yake ba su fita daga Birtaniya ba. Kusan ko'ina aka buɗa a rubutun Lingard za a tarar da matashi riƙe da akwati, yana waiwayen garin da bai kore shi da baki ba amma ya hana shi zama.

6.0 Taurari da Salo

Sadie Jackson ita ce ran waɗannan littattafai. Ba irin tauraruwar da ke zaune tana jiran a zo a cece ta ba ce. Tana da tsiwa da gaggawa da saurin fushi, takan yi magana kafin ta yi tunani, kuma marubuciyar ba ta goge mata waɗannan halaye bayan aure ba. Kevin ya fi ta sauyawa: yaron da ya fara tsokana a littafin farko shi ne ya zama mai nauyin kai, wanda ya ƙi bin abokansa zuwa ɗaukar bindiga. Wannan juyi yana da ma'ana, domin a unguwar da ake auna namiji da shirinsa na faɗa, ƙin faɗan shi ne ya fi bukatar jarunta. Brede kuwa ita ce mai haƙuri da hangen nesa, kuma ba banza ba ne marubuciyar ta sa jifan ya same ta. A irin wannan rikici wanda bai ji ba bai gani ba shi ya fi shan wuya.

Ta fuskar salo, Lingard mai tsimin kalmomi ce. Jimlolinta gajeru ne, hira ce ke jan labarin, kuma ta bar wa taurarinta karin maganar Belfas da barkwancinsu ba tare da ta cika shi har ya gagari baƙo ba. Ba ta zuzuta zubar da jini, ba ta kuma ɓoye shi. Mutuwar Mista Blake ta zo a taƙaice, kamar yadda irin wannan labari ke isowa a rayuwa, kuma taƙaitawar ta fi dogon makoki taɓa zuciya. Wannan sauƙin harshe yana cikin dalilan da suka sa aka daɗe ana karanta Across the Barricades a makarantu, aka kuma sayar da fiye da kwafe miliyan ɗaya na jerin littattafan.

7.0 Inda Aikin Ya Yi Rauni

Duk da wannan yabo, akwai wurare uku da ya kamata matarki ya tsaya. Na farko, tsarin ma'aunin da ya ƙawata littafin farko yana da tsada. Domin ta yi adalci, marubuciyar ta raba laifi daidai wa daida: kowane mai tsattsauran ra'ayi a wannan ɓangare yana da takwaransa a wancan, kowace mai tsegumi tana da kishiyarta. Sakamakon haka rikicin ya fito kamar ciwon son zuciya kawai, wanda da mutane za su gyara halinsu da ya warke. Amma kamar yadda aka nuna a sama, akwai batun gidaje da aiki da ƙuri'a da ikon hukuma, kuma waɗannan ba a raba su daidai tsakanin ɓangarorin ba. Sojoji suna bayyana a labarin, suna sintiri suna binciken gidaje, amma an bar su kamar yanayin gari, ba a tambayi abin da ya kawo su ba. Mai karatun da bai san komai ba sai waɗannan littattafai zai fita da tausayi mai yawa da fahimta kaɗan game da musabbabin faɗan.

Na biyu, mafitar da labarin ya bayar ita ce ficewa. Mutanen kirki ko dai su mutu kamar Mista Blake, ko su shiga jirgi kamar Kevin da Sadie. Ana iya kare marubuciyar da cewa a 1972 wannan ita ce gaskiyar da ma'aurata da yawa irinsu suka fuskanta, kuma da ta ƙaga musu zaman lafiya a Belfas da ta yi ƙarya. Wannan kariya tana da ƙarfi. Sai dai tarihi ya nuna akwai waɗanda suka zauna suka yi aiki: a 1981 wasu iyaye suka buɗe kwalejin Lagan, makarantar farko da aka shirya domin haɗa 'ya'yan ɗariƙun biyu, kuma waɗanda suka ƙulla yarjejeniyar 1998 mazauna ne. Irin waɗannan mutane ba su sami gurbi sosai a labarin ba. Yaron Belfas da ba shi da kuɗin jirgi, me littafin ya bar masa?

Na uku, wasu ƙananan taurari ba su wuce alama ba. Iyayen Sadie da maƙwabciyarsu Linda Mullet da Kate Kelly an zana su da launi ɗaya, ba a shiga zuciyarsu an nuna tsoron da ke haifar da ƙiyayyarsu ba. Haka kuma littattafai biyu na ƙarshe sun rasa zafin na biyu, domin da aka nisanta daga Belfas sai labarin ya koma bin ma'aurata daga wannan aiki zuwa wancan. Amma wannan rauni na ƙarshe yana da uzuri, tun da rayuwar baƙunta kanta haka take, ba ta da ƙololuwa.

8.0 Kammalawa

Amsar tambayar da aka fara da ita ita ce, labarin soyayya yana iya ɗaukar nauyin rikicin al'umma, amma rabin nauyin yake ɗauka. Yana nuna abin da gaba ke yi wa mutum a ɗakinsa da wurin aikinsa da gadon aurensa, fiye da yadda littafin tarihi zai iya. Abin da ke yi masa wuya shi ne nuna yadda hukuma da dukiya da doka suke ciyar da gabar, domin idonsa a kan mutum biyu yake. Lingard ta cika rabin farko da gwaninta, ta bar rabi na biyu kusan fayau.

Wannan batu ya shafi ɗaliban da ke rubutu da Hausa kai tsaye. A shekarun 1990 an tafka muhawara a jaridu a kan littattafan soyayya da aka laƙaba wa suna adabin kasuwar Kano, inda wasu suka ce ba adabi ba ne, wasu suka kare su. Misalin Lingard yana nuna cewa tambayar da ta fi amfani ita ce abin da marubuci ya aza wa soyayyar, da kuma inda ya tsayar da labarin. Balaraba Ramat Yakubu, a Alhaki Kuykuyo Ne na 1990, ta shiga cikin gidan aure ta zauna, kuma a can ta samo abin faɗa, kamar yadda Lingard ta samo nata a ɗakin haya na Landan. Marubucin da zai ɗauki saurayi da budurwa daga ɓangarori biyu masu gaba yana da darasi biyu a nan. Ya bi su har bayan biki, ya ga wanda zai raɗa wa ɗansu suna da gidan da za su je ranar makoki. Sannan ya yi abin da Lingard ba ta yi sosai ba, ya tambayi wanda ya gina shingen da wanda ke cin ribar tsayuwarsa.